Kaciyar jariri ko a jira shekara bakwai? Kuma wai mu da Yahudawa kaɗai ke yi?

BabanHalifa
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Allah ya azurta ni da ɗa namiji, makon jiya aka yi suna a nan Garwa. To maganar kaciya ta raba kan gida. Uwar yaron na so a kai shi asibiti tun yanzu a wuce wurin. Hajiyarmu kuma ta ce a gidanmu ba a taɓa yi wa jinjiri ba, sai ya kai shekara bakwai, a jira lokacin ɗari, a kira wanzami kamar yadda aka yi mana. Ana cikin haka sai yaron shagona, wanda ba ya rabuwa da waya, ya ce wai ya gani a Facebook Musulmi da Yahudawa ne kawai suka ɗora wa kansu abin, Turawa ma sun hana. Malamai da masana, wane lokaci ne daidai? Kuma maganar yaron nan gaskiya ce?

Maman_Ikram
Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya sa mahaddaci ne. Nawa biyu duk suna zanen goyo aka yi musu, kafin in yi arba'in sun warke. Ga nono a kusa, da ya yi kuka a ba shi ya yi shiru. Amma Hajiya uwa ce, a bi ta da lallashi.

DirebanDuwala
Yaron shagon naka ya taɓa wuce Ngaundere kuwa? Ni kullum ina kan hanyar Duwala zuwa Njamena. Mutanen kudu, Bamileke, Beti, Basa, Duwala, yawancinsu Kiristoci ne, kuma da wuya ka sami namiji babu kaciya. A can ma idan aka gano mutum ba shi da ita ya shiga uku da tsokana. Ka ce masa ya ajiye waya ya koma kan keken ɗinki.

Malam_Ridina
Allah ya raya mana Halifa bisa sunna. Da farko, kalmar kaciya ba ta zo a Alƙur'ani ba, hadisi ne ya kawo ta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa abubuwa biyar na daga fiɗira: kaciya, aske gashin mara, rage gashin baki, yanke farce da tsige gashin hammata. Buhari kuma ya kawo cewa Annabi Ibrahim (AS) ya yi kaciya yana da shekara 80.

A mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga maza, haka Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala, wadda yawancinmu muka karanta a zaure. Hanafawa ma sunna suka ce. Shafi'awa da Hambalawa suka ce wajibi ce. Game da lokaci, Hajiya ba daga kanta ta ƙago ba. Malaman Malikiyya sun so a yi ta lokacin da yaro ya fara famfara, wato lokacin da ake umartarsa da salla, daga shekara 7 zuwa 10, sun kuma karhanta yin ta ranar haihuwa ko ranar bakwai saboda kamanceceniya da Yahudawa. Daga nan iyayenmu suka samo shekara bakwai ɗin. Amma karhanci ne a kan waɗannan ranaku biyu, babu wanda ya ce wanda aka yi wa yana da wata ɗaya kaciyarsa ba ta yi ba.

AbuSumayya
Allah ya gafarta Malam, ai akwai hadisin Jabir da Baihaƙi ya kawo, cewa Manzon Allah (SAW) ya yanka wa Hasan da Husaini ragon suna ya kuma yi musu kaciya ranar bakwai. Shafi'awa a kansa suka tsaya. Idan sunna ta tabbata ba a barin ta don wasu ma suna yi. Su ma ranar takwas suke yi, ba bakwai ba.

Malam_Ridina
@AbuSumayya, idan ta tabbata, na'am. Sai dai masana hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya. Ga kuma Ibn Abbas a cikin Buhari yana cewa a zamaninsu ba sa yi wa namiji kaciya sai ya kusa balaga. Ka ga abin da faɗi. Batun bakwai da takwas kuma, mu ba ma ƙirga ranar haihuwa idan alfijir ya riga ta, su suna ƙirgawa, sai ka tarar rana ɗaya ce ake nufi.

AbuSumayya
Ni dai ranar suna nake yi wa nawa. Rago ɗaya, taro ɗaya.

DirebanDuwala
Hhhh ashe lissafin aljihu ne ya zama fatawa.

JikanSarkinAska
Sana'ar gidanmu ce ake magana a kai, to bari in sa baki. Ni a Marwa na tashi ina ɗaukar wa kakana zabira. Mutane na ɗauka don camfi ake jiran ɗari. Ba haka ba ne. Lokacin hunturu iska a bushe take, babu gumi, ƙuda ya ragu, ciwo ba ya ruwa. Sannan an gama kaka, rumbu a cike, uba na da abin sayen kaza. Wa zai yi shayi a watan takwas, ana fama da sauro da zazzaɓi, hatsi ya ƙare?

Kuma ba yaro ɗaya ake yi wa ba. A tara sa'o'i na unguwa, goma ko fiye, da sassafe a bayan gida, a haƙa wa kowa ɗan rami, babba ya riƙe shi ta baya. Bayan an gama a kwantar da su ɗaki ɗaya, a sa musu kara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta goge ciwon, manya na kwana a kansu suna gyara musu kwanciya. Garin bagaruwa ake barbaɗawa. Kawu ya kawo kaza, gwaggo ta kawo ƙwai, maƙwabci ya kawo tsire. Yaron da bai taɓa cin cinyar kaza shi kaɗai ba, a ɗakin shayi yake fara ci. Ranar fita a yi wanka a sa sabon kaya, daga nan an daina yi masa kallon ɗan da ke bin uwa madafa. Waɗanda kuka kwanta ɗaki ɗaya da su kuwa, abokai ne har tsufa. Ni har yau idan na haɗu da nawa a kasuwa sai mun tuna wa juna wanda ya fi ihu.

Wannan ne Hajiya take jin za a raba jikanta da shi. Jariri a asibiti an cire loɓa kawai, ba a yi shayi ba.

Anfirmiye_Kuseri
Kawu @JikanSarkinAska, na ji daɗin bayaninka, amma bari in faɗi abin da ke zuwa mana. Duk lokacin ɗari da lokacin babban hutun makaranta sai an kawo mana yara: wani jini ya ƙi tsayawa tun safe, wani ciwon ya kumbura yana wari saboda an shafa toka ko man da ba a san asalinsa ba, wani an haɗa da kan gaban an yanke. Na ƙarshen nan ba ya gyaruwa yadda yake da. Ga aska ɗaya a kan yara goma, alhali ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankin nan kuma ta jini yake bi. Ga tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki.

A likitance yi wa jariri cikin wata biyun farko ya fi sauƙi: fatar siririya ce, jini kaɗan ne, galibi ba a buƙatar ɗinki, ya warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Akwai ta zoben roba, wanda ke faɗuwa da kansa cikin kamar mako guda. Yaro ɗan shekara bakwai sai an yi ɗinki, ga tsoro, ga fizge-fizge.

Amma @BabanHalifa ka lura da waɗannan kafin komai. Idan bakwaini ne, ko yana da shawara, ko ba shi da lafiya, a jira. Idan ƙofar fitsarinsa ba a tsakiyar kai take ba, tana ƙasa, kada kowa ya taɓa shi, domin da wannan fatar likitan tiyata zai yi gyara nan gaba. Idan kuma a dangin uwarsa akwai mazan da jininsu ba ya tsayawa in sun ji ciwo, a gwada jininsa tukuna. Kuma ka tambaya ko za su yi allurar kashe zafi. Maganar wai jariri ba ya jin zafi ƙarya ce.

JikanSarkinAska
Ɗana, wanzamin gado daban, wanda yunwa ta koya wa aski daban. Mu yanzu kowane yaro da sabuwar rezarsa, uban ne ma ke sayowa ya buɗe a gabansa, muna sa safar hannu. Kuma kada ka sa in fara ƙirga waɗanda aka lalata a asibiti aka kawo mana. Wani mai share ɗakin tiyata ne, ya ga ana yi, ya sayi almakashi ya koma unguwa ana ce masa dokta.

Anfirmiye_Kuseri
Wannan na ƙarshen gaskiya ne Kawu, muna da su. Shi ya sa ban ce farar riga ba, na ce wanda ya koya.

Bulus_Yagwa
Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne, Bamasa daga Yagwa, Hausa a kasuwa da makaranta na koye ta. A wurinmu labarin na cikin Littafin Farawa sura 17: Allah ya yi alkawari da Ibrahim, kowane ɗa namiji a yi masa kaciya a rana ta takwas. A can an rubuta Ibrahim na da shekara 99, Isma'ilu na da 13. Yahudawa har yau a kan rana ta takwas suke, ko ta faɗo ranar Asabar. Yesu ma an yi masa a rana ta takwas, yana cikin Luka sura 2. Amma da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shiga addinin sai gardama ta tashi, manzanni suka taru a Urushalima, Ayyukan Manzanni sura 15, suka yanke cewa ba dole ba ce. Shi ya sa Kiristan Italiya ko Brazil bai damu da ita ba, amma Kibɗawan Masar da 'yan Orthodox na Habasha suna yi, mu ma a nan muna yi.

Abin da nake so in ƙara shi ne, kakanninmu Masa ba sa yi, maƙwabtanmu Tupuri ma haka. Muna da namu shiga daji da ke mai da yaro namiji, labana, kuma babu aska a ciki. Kakana har ya mutu bai yi ba, ya yi noma, ya yi kokawa, ya tara shanu da 'ya'ya. Mu jikokinsa an yi mana a asibiti, kuma in faɗa muku gaskiya ba coci ce ta sa ba, gori ne. Yaro ya je wanka a Logon da abokai, ko ya shiga makarantar kwana a Marwa, a sa shi gaba da waƙa. Don Allah ku riƙa hana yaranku wannan zagin na "marar kaciya". Yana da ciwo.

Maman_Ikram
Wallahi Malam Bulus ka faɗi gaskiya. Har manya na yi.

MalaminTarihi_Poli
Ina koyarwa a Poli, kuma nan ne amsar yaron shagon @BabanHalifa take. Dowayo, waɗanda wasu ke kira Namci, da yawansu a kan addinin gargajiya suke, amma kaciya ita ce ginshiƙin al'adarsu. Ba kowace shekara ake yi ba, sai an tara samari, a shiga da su daji su yi watanni, mata ba su da izinin sanin abin da ake yi. Irin yankan nasu ma ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba. Namijin da bai shiga ba, ko ya yi furfura, ba ya zama cikin maza idan ana maganar asiri. Wani Bature ɗan Ingila mai nazarin al'adu, Nigel Barley, ya zauna cikinsu a ƙarshen shekarun 1970 ya yi rubutu a kai. Dii na wajen Mbe, kan hanyar Ngaundere, su ma haka, da wuƙaƙensu na musamman da ake adanawa. Waɗannan ba daga Hausawa ko Fulani suka koya ba.

Ka ga a arewacin Kamaru kaɗai, tafiyar yini ɗaya a mota, za ka bar mutanen da ba ka zama namiji sai da ita, ka isa wurin waɗanda kakanninsu ba su san ta ba. A ƙasar gaba ɗaya kuwa binciken lafiyar iyali ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na maza suna da ita, alhali Musulmi ba su kai rabin jama'a ba.

In an koma tarihi, a Saƙƙara ta Masar akwai kabarin wani babban bafade mai suna Ankhmahor, da aka sassaƙa hoton ana yi wa samari kaciya a bangonsa, fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Mutanen asali na Ostareliya da na tsibiran tekun Pasifik ma suna da irin tasu.

AbuSumayya
Duk daga Annabi Ibrahim suka samo, sai dai sun manta asalin.

MalaminTarihi_Poli
Wannan magana ce ta imani Malam, ba zan ja da kai ba. Ni abin da aka tono aka gani nake koyarwa.

Dalibin_Mbale
Ni ɗan Njamena ne, na yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Uganda da ke Mbale. Garin na Bagisu ne, masu bikin imbalu. Duk shekarar da lambarta ke rabuwa biyu, daga watan Agusta, gari ya rikice da kiɗa. Saurayi ne fa, ɗan shekara 16 zuwa sama, a shafe shi da gari, ya yi kwanaki yana rawa gida-gida, sannan ya tsaya a tsaye gaban jama'a a yanke, babu allura, ba a so ko ƙifta ido ya yi. Wanda ya gudu birni, ko bayan shekaru ne, in an gano shi sai an kamo shi an yi masa. Da na ba su labarin cewa mu ana riƙe mu ta baya muna kuka ana ba mu kaza, dariya suka yi ta yi.

A Afirka ta Kudu Xhosa na yi wa samari a daji, Mandela ma yana da shekara 16 aka yi masa. Amma duk shekara sai an ji samari sun mutu a lardin Eastern Cape saboda ciwo ya ruɓe ko an hana su ruwa. Zulu kuwa sun bar ta tun zamanin Shaka, sai a 2009 sarkinsu Goodwill Zwelithini ya ce a dawo da ita saboda sida, wato ƙanjamau, amma a asibiti.

Maganar gori da @Bulus_Yagwa ya yi, a Kenya ta wuce gori. Luo ba sa yi a al'adance, kuma an daɗe ana amfani da wannan a siyasa ana cewa marar kaciya ba zai yi mulki ba. A rikicin bayan zaɓen 2007 har kama mazan Luo aka riƙa yi ana yanka su da ƙarfi.

DirebanDuwala
Tsaya, wace sida kuma? Kana nufin mai kaciya ba ya kamuwa? To ai mu direbobi mun tsira.

Anfirmiye_Kuseri
Yaya Direba, kada ka kai wannan maganar tasha. An yi manyan gwaje-gwaje uku: Orange Farm a Afirka ta Kudu, wanda sakamakonsa ya fito a 2005, sai Kisumu a Kenya da Rakai a Uganda. Sun nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin ɗaukar cutar daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. Ragewa, ba hanawa ba. A kan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2007, aka yi wa miliyoyin maza a gabashi da kudancin Afirka, inda cutar ta yi yawa kuma kaciya ta yi ƙaranci. Mu nan kusan kowa na da ita, amma je ka ga layin masu karɓar magani a asibitocinmu. Kuma ba ta kare matar kai tsaye idan mijin na ɗauke da cutar. Tana kuma rage ciwon mafitsara ga jarirai da wasu cututtukan sanyi.

DirebanDuwala
To shi ke nan, an ƙwace mana.

Bakano_a_Jamus
Game da "Turawa sun hana": babu ƙasar Turai da ta hana. Ga inda zancen ya samo asali. A 2012 wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta yanke cewa yi wa yaro kaciya ba don rashin lafiya ba raunata jiki ne, bayan wani yaro Musulmi ɗan shekara 4 ya yi ta zubar da jini. Musulmi da Yahudawa suka tashi tare, abin da ba kasafai ake gani ba, kuma a watan Disamba na shekarar majalisa ta yi doka ta halatta, da sharaɗin a yi ta bisa ƙa'idar likita. A Iceland an kawo ƙudurin hanawa a 2018, bai wuce ba. A Denmark majalisa ta ƙi amincewa da irinsa a 2021. A Faransa ana yi, sai dai inshorar gwamnati ba ta biya in ba don ciwo ba.

Gaskiyar da ke cikin maganar yaron ita ce yawancin Turawan Turai ba sa yi. Ingila ta taɓa yi sosai, ta bari bayan 1949. Amma Amurka fa? A 2010 kimanin kashi 58 cikin 100 na jarirai maza an yi musu kafin a sallame su daga asibiti, kuma ba don addini ba. Koriya ta Kudu daga Amurkawa ta ɗauka bayan yaƙi. Filifin ƙasar Katolika ce, amma kusan duk namiji na yi, lokacin hutun makaranta, kuma su ma suna da zagin marar kaciya. Indiya Musulmi ne ke yi, Hindu da Sikh ba sa yi. Sin da Japan ba ruwansu. A duniya baki ɗaya Hukumar Lafiya ta ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na maza, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu Musulmi ne.

Mai_Tambaya
Kada a jefe ni. Hujjar waɗancan Turawan ita ce jikin yaron nasa ne, a bari ya girma ya zaɓa. Ni Musulmi ne kuma zan yi wa nawa, amma na kasa samun amsar da za ta gamsar da wanda bai yarda da addinina ba. Ɗan shekara bakwai ma aƙalla ana gaya masa, jariri fa?

Bakano_a_Jamus
Ɗan shekara bakwai ana gaya masa, amma ba a tambayarsa. Wa aka taɓa tambaya a cikinmu? Ni ce mini aka yi za a auna ni a ɗinka mini wando. Abin da nake gaya wa abokan aikina a nan shi ne iyaye na zaɓa wa yaro suna, harshe, addini da rigakafi ba da izininsa ba. Su kuma su ce duk waɗannan ana iya canzawa ko suna da dole, wannan kuwa ba ta dawowa. A nan muke tsayawa kullum, kowa ya sha shayinsa.

DirebanDuwala
Wane shayin? Hhhh.

Hajiya_Baladji
Ku yaran zamani kun iya kawo sunayen ƙasashe. Ni 'yata ke rubuta mini wannan. Na ga ta wanzami na ga ta asibiti a jikokina. Abin da ba ku faɗa ba, wa ke jinya? Na shekara bakwai maza ke kwana da shi, uwa ba ta ma shiga. Na jariri kuwa mai jego ce, ga wankan jego, ga rashin barci, ga ciwo cikin kunzugu da fitsari da kashi. In yarinya ce mai haihuwar fari sai an tsaya mata. @BabanHalifa ɗana, in ka zaɓi asibiti kada ka je wa mahaifiyarka da "likita ya ce". Ka ce mata ita za ta riƙe shi a kai shi, ita za ta duba ciwon. Kuma ka yanka kazar, ka kira 'yan'uwa. Tsohuwa ba askar take so ba, so take a san jikanta ne.

UwarGida_Mora
Tunda ana maganar, ta mata fa? A wasu unguwanni har yanzu ana yi a ɓoye.

Anfirmiye_Kuseri
Wannan daban ce gaba ɗaya Hajiya. Ba ta da wani amfani ga lafiya, illa ce zalla, mu ke ganin sakamakonta a ɗakin haihuwa. Dokar laifuka ta Kamaru ta 2016 ta hukunta ta, Chadi ma ta hana tun 2002.

Shugaban_Zaure
Jama'a, wannan babbar magana ce, a buɗe mata nata wuri. Nan a tsaya kan tambayar BabanHalifa.

Dalibar_Istanbul
Hajiya Baladji ta tuna mini da Turkiyya. Su sun haɗa biyun: likita ke yi, amma bikin na nan daram. A sa wa yaro fararen kaya irin na ɗan sarki, da hula mai gashin tsuntsu da sanda, a rataya masa ɗamara an rubuta Masha Allah, a zaga da shi gari a mota, a kai shi ziyara masallacin Ayyub Sultan. Hukumomin birni ma na shirya na taro kyauta don 'ya'yan talakawa. A 1582 Sarki Murad na Uku ya yi wa ɗansa bikin kaciya da ya wuce kwana 50 ana shagali. Me zai hana mu ma wanzamai da ma'aikatan asibiti su haɗa hannu, wannan ya yi yanka, wancan ya riƙe al'ada?

JikanSarkinAska
'Yata, wa zai yi yankan, wa zai riƙe al'adar? A nan gardamar take. In an ce mu koma masu kiɗa da rabon kaza, ba mu yarda ba. A koya mana allurar kashe zafi da dafa kayan aiki, a ba mu takarda. Ƙauyukan da ke bayan Mora da Mokolo wane likita ne zai je musu?

Sabon_Musulmi
Salam. Tambaya nake da ita ga Malam. Na musulunta da girmana, shekaruna sun haura 40, ga ciwon sukari. Wasu na ce mini sallata ba ta karɓuwa sai na yi.

Malam_Ridina
Allah ya tabbatar da mu da kai. Musuluncinka ya inganta da kalmar shahada, sallarka kuma ingantacciya ce, ka dai kula da wanke wurin sosai bayan fitsari. An ruwaito Hasanul Basri yana cewa mutane baƙi da fari sun musulunta a zamanin Manzon Allah (SAW) ba a bincike su ba. Da gwamnan Khurasan ya so ya gwada sababbin Musulmi da kaciya, Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta masa cewa Allah ya aiko Annabi mai kira ne, ba mai kaciya ba. Idan likita ya ce babu haɗari, ka yi, sunna ce babba. Idan ya ce akwai, addini bai ce ka halaka kanka ba. Masu gaya maka wancan su ji tsoron Allah.

Anfirmiye_Kuseri
@Sabon_Musulmi ana yi wa manya lafiya lau, amma sai sukarin ya daidaita tukuna, in ba haka ba ciwon ba zai warke da wuri ba. Asibiti kawai, kuma ka shirya haƙurin mako shida kafin ka koma wa iyali.

BabanHalifa
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa yaron shago bayanin Bakano da na Malamin Poli, ya ce shi dai a bidiyo ya gani. Na gwada dabarar Hajiya Baladji a kan tsohuwa, ta yi shiru, sannan ta ce to wa zai ba shi labarin ranar shayinsa in ya girma? Uwar yaron kuma ta ce ita ba za ta iya jin ihun ɗan shekara bakwai ba. Kawuna ya shigo da ta uku, wai a bari ya shekara biyu.

Anfirmiye_Kuseri
Ta kawun nan ce ta fi wahala. Ɗan shekara biyu ya yi ƙarfin fizgewa, bai yi hankalin a lallashe shi ba, kuma hannunsa ba ya barin wurin. Ko dai yanzu, ko a jira ya yi wayo.

AbuSumayya
Ranar bakwai dai ta riga ta wuce ka. Na gaba in Allah ya kawo ka kira ni.

Maman_Ikram
@Anfirmiye_Kuseri don Allah ta zoben nan, ana yi wa yaro wanka da shi ko sai ya faɗi? Ƙanwata ce ke tambaya, nata wata ɗaya.

Anfirmiye_Kuseri
Ana yi, da ruwa mai ɗumi mai tsabta, a bar wurin ya bushe, a riƙa canza kunzugu da wuri. Kada ta ja zoben ko ya yi lilo. In ya wuce kwana goma bai faɗi ba, ko ya zame ya koma baya ya shaƙe kan, ko yaron ya yini bai yi fitsari ba, ta koma inda aka sa masa a ranar.

JikanSarkinAska
@BabanHalifa in kun tsaya kan shekara bakwai, ƙanena na nan Garwa wajen Rumde Ajiya, sai in haɗa ku. Kafin nan ma ai akwai askin arba'in.